Shekarar da Barira Ta Bayar

A Kwalejin Injiniyoyi ta Tudun Ƙarfe, doka ce kowane zango ɗalibi ya ba da shekara guda ta ƙuruciyarsa a goge, don karatu ya sami wurin zama a kansa. Shi ya sa Malam Jatau mai gyaran janareto ba ya fashin ranar ziyara.

Wannan Asabar ya iske 'yarsa Barira ta rame, amma fuskarta a sake. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta shiga ba shi labarin gadar da suke zanawa.

"Wacce kika bayar wannan zangon?" ya tambaye ta.

"Ta bakwai, Baba. Na bar wa kaina takarda cewa kuka ya yi yawa a cikinta. Me ya faru ne?"

A wannan shekarar ce mahaifiyarta ta rasu, kuma shekarun baya duk ta riga ta bayar.

"Kina son karatun nan?"

"Sosai, Baba."

Ya gyara zama.

"To matso kusa. Mahaifiyarki sunanta Hansatu. Ba ta iya waƙa ba ko kaɗan, amma kullum sai ta yi miki."