Maginiyar Tukwane da Labarin Ƙetaren Kogi

Ka ce tun da rediyo ya yi shiru a kan mutanen can, maganarsu ta mutu ke nan. Gyara zama in ba ka misali.

An yi wata maginiyar tukwane a wani gari na bakin kogi, kogin da ya raba ƙasarsu da ta maƙwabta. 'Yarta tilo tana aure a ƙetare, a garin manoman albasa. Wata shekara hukumar can ta ce za ta karɓe fadamar garin ta ba wani kamfani. Mutane suka fito, maza da mata, suka zauna a kan titin da ya shiga babban birnin lardi, suka ce ba mai tashi sai an janye maganar. Kwana uku maginiya tana cuɗa yumɓu, rediyo na gefenta a kan turmi, ba a karanta labarai ba a ambaci masu zanga-zangar ƙetare ba: yau sun cika titi, yau an turo motocin 'yan sanda, yau an katse layin waya. Ta san halin 'yarta sarai, ba mai zaman ɗaki ba ce a irin wannan rana, ga shi kuma tana da tsohon ciki.

A rana ta huɗu sai babban mawaƙin ƙasarsu ya rasu, wanda ba a biki ba a suna sai da muryarsa. Daga wannan safiya rediyo ya zama nasa. A sa waƙarsa, a kira abokinsa na ƙuruciya, a ƙirga motocin da suka raka gawa, a yi gardamar wanda zai gaji babbar gangarsa cikin yaransa. Ita ma maginiya ta yi kukanta, don da waƙarsa aka kai ta ɗakin miji. Amma da ta share hawaye ta kasa kunne, ba ta ƙara jin ko sunan garin 'yarta ba. Ta tambayi mai shayi, ya ba ta labarin cinkoson maƙabarta. Ta tambayi direbobin tasha, suka nuna mata hoton marigayi da suka liƙa a gilashin mota. Ta gangara wurin mai fito, shi da kullum yake kai da kawowa tsakanin gaɓa biyu, ya ce mata, "Wallahi Iya, mako guda ban tura jirgi ba, ina wurin zaman makoki." Tuwo ya daina shiga mata. Tukunya biyu ta fasa a wurin gashi saboda hankalinta ba ya jikinta. Shirun nan, ta ce a ranta, ko an tarwatsa su ne, ko abin ya fi ƙarfin faɗa.

Ran nan da hantsi ta ƙulle kayan yaji da garin kunu a zani, ta tsaya a kan mai fito har ya ɗauko filafili. Suna tsakiyar ruwa ta fara jiyo kiɗa, suna matsowa ta ji guɗa. Ashe shekaranjiya wakilin hukuma ya zo da kansa, ya hau bayan mota ya karanta takardar janyewa a gaban jama'a, aka sako samarin da aka tsare, aka tuge turakun da kamfani ya kafa a fadama. 'Yan sandan da aka turo, har su aka zuba wa dambu kafin su tafi. 'Yarta kuwa kwana biyar ta yi a kan titi tana tuƙa wa masu zama tuwo, daga bakin murhun naƙuda ta kama ta, aka kai ta gidan ungozoma ta haifi 'ya mace lafiyayyiya. Maginiya tana rungume da jikarta, ba ta gama mamaki ba, sai ga surukinta ya durƙusa yana cewa, "Iya, ya haƙurin rashin mawaƙinku? Muna kan titi muka ji, har addu'a muka yi masa." Ta dube shi, ta dubi matan da ke rawa a tsakar gida da zannuwa duk toka, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta ce a ranta, su suna tsakiyar nasu tashin hankali sun ji namu, mu muna zaune lafiya ba mu ji nasu ba.

Ta zauna har aka yi suna, ta ci naman rago, ta taka rawa da gwiwar da take cewa tana mata ciwo. Da ta dawo, tun a cikin jirgi ta fara ba da labari, kafin ta isa gida mutane sun yi mata da'ira a bakin kasuwa. Mai shayi ya bar tukunyarsa tana tafasa ya zo saurare. Waɗanda ke da 'yan'uwa a ƙetare suka riƙa jan gefen mayafinta, kowa na tambayar nasa, ita kuma tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, wane yana lafiya, wance ita ce ma ta riƙe tuta.

To ka ji. Shirun mai ba da labari ba shi ne shirun masu abin ba, idonsa ne kawai ya koma wani wuri. In abu ya dame ka da gaske, tashi ka bincika. Hausawa sun riga sun faɗa: zuwa da kai ya fi aike.