Birkin Gaban Shagon Fenti

Ƙarfe shida da kwata Uwar Biyu ta ɗora koren katinta a kan na'urar da ke kusa da direban bas. Na'urar ta yi ɗan kuka. Tsohon direban ya dubi katin, ya dubi fuskarta, ya ce, "An tashi lafiya?" Ta amsa a daƙile, ta wuce kujerarta ta kullum, ta huɗu a gefen taga.

Katin nan riƙon ƙwai take yi masa. Kamfanin sabulun da take wa aiki ne ya ba ta, ga tambarinsa nan ɓaro-ɓaro a jiki, kuma shi ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin mota. Sai dai kyautar da sharaɗi ta zo: duk wanda ya makara sau uku a shekara, a karɓe katin. Ita kuwa ta riga ta ci biyu a makon da ta dawo daga hutun haihuwa, duka biyun barci ne ya wuce da ita har ƙarshen layi. Saura ɗaya. In katin ya tafi, madarar yara ce za ta koma tikitin mota.

Kada a ga laifinta. Tagwayen nan kamar raba aiki suka yi, in ɗaya ya yi shiru ɗaya ya karɓa. Mijinta yana iya ƙoƙarinsa, amma duk ran da ya ɗauki yaro zai lallashe shi, shi yake riga yaron yin minshari. Kujerar motar nan ce kaɗai wurin da ba a kiranta Mama.

Amma tun daga gargaɗi na biyu ba ta ƙara makara ba, wata bakwai cur. Abin ya zame mata abin tinƙaho. Ta sha gaya wa maƙwabciyar kujerarta, wata ma'aikaciyar jinya, da muryar da duk motar ke ji, "Ni agogo gare ni a ka. Uwa ai ba ta barci duka, rabi take yi."

Abu ɗaya ke ɓata mata tafiyar, shi ne direban. Mutum ya yi furfura a kan sitiyari amma har yau ƙafarsa ba ta san lallashi ba. Titin gaban shagon fenti sumul yake, ba rami ba tudu, amma a nan yake taka birki sai goshin mutum ya gaisa da kujerar gaba. Ran nan kwanon abincinta ya gangara har ƙafar wani malamin makaranta, murfi gabas, cokali yamma. Ta laƙaba masa Sarkin Birki, sunan kuwa ya bi shi. Ta rubuta takardar koke shafi biyu, tana nan a jaka, kullum sai gobe za a kai.

Sau ɗaya ta ga ya yi tuƙin mutunci. Ranar ciwon haƙori ya hana ta runtsawa, tana dafe da kunci tun daga gida, sai ga motar ta wuce shagon fenti lami lafiya. Ta ce a ranta ashe ya fara jin magana. Washegari haƙori ya lafa, shi kuma ya koma gidan jiya. Hali zanen dutse.

Aka shiga makon ƙarshe na shekara. In ta tsallake shi, za a shafe tsohon laifi a ba ta sabon kati. A makon ne kuma tagwayen suka ga damar fara haƙori tare. Ran Litinin ta iso tasha idonta jawur, mayafi a baibai.

Da ta ɗora katin, sai ta ga baƙuwar fuska a kujerar direba, wani siririn mutum mai gilashi. Ya dubi katin, ya dubi wani abu a gefen sitiyari. Daɗi ya kama ta har ta yi masa murmushi.

Shi kam ya iya tuƙi. Motar tafiya take kamar ba ta taka ƙasa. Kafin su kai kasuwa kanta ya jingina da taga. Ma'aikaciyar jinya ta sauka a asibiti, malamin makaranta ya sauka a tasharsa, kujeru suka yi ta raguwa. Uwar Biyu ta yi nisa, irin barcin da ta yi wata da watanni tana bin bashinsa. Can gaba hayaƙin kamfanin sabulu ya fara bayyana.

Daidai shagon fenti motar ta ci birki, wanda ya fi na kullum ma. Goshinta ya bugi kujera, jaka ta yi nata wuri.

Ta tattara kayanta ta nufi gaba, takardar koken a hannu, motar na gangarawa tashar kamfani.

"Ashe duk malaminku ɗaya?" ta ce. "Shi Sarkin Birkin ne ya koya maka?"

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah, umarni na bi. Baba ya tafi hutu, wannan ya bar mini."

Ya nuna mata wata 'yar takarda da aka manna a gefen sitiyari, da rubutu manya-manya na tsohon hannu:

"Mai koren katin kamfanin sabulu, kujera ta huɗu a gefen taga. In ka ga a madubi kanta ya kwanta, ka taka birki da ƙarfi a gaban shagon fenti. Za ta yi maka faɗa, ka shanye, tagwaye take raino."