Kafar Ɗiban Wuta

A wani ƙauye an yi wata tsohuwa wadda danga kawai ta raba ta da gidan wani mai fataucin albasa. A jikin dangar akwai 'yar kafa. Ta nan mata ke miƙa kasko kullum da safe su ɗebi wuta, su ce an tashi lafiya, ya jikin yara. Wutar ce hujja, amma ainihin abin, kowa ya ga fuskar kowa. Da fatauci ya yi albarka sai mutumin ya ce ya gaji da 'yan sa ido. Ya tumɓuke dangar, ya tayar da katangar bulo, ya sa ƙofar ƙarfe, ya sayo wa matarsa risho. Ya kuma ce duk wanda ya leƙa masa gida, sai sun haɗu gaban alƙali. Tsohuwar nan, wadda ita ta yanke masa cibiya, ita ma ta zama 'yar sa ido! Ta haɗiye abin.

Ana nan ya yi lodi ya tafi kudu, ya bar matar da tsohon ciki da yarinya 'yar shekara biyu. Wata safiya jini ya ɓalle wa matar, ta faɗi a tsakar gida. A da, in hayaƙi bai tashi ba ana tambayar dalili, amma risho ba ya hayaƙi. Tsohuwa ta ji kukan yarinyar tun hantsi, ta buga ƙofa, shiru. Ta roƙi mazan da ke zaune a gindin bishiya, kowa ya sunkuyar da kai, ana tsoron alƙali. Sai da azahar, da muryar yarinyar ta dushe kamar ta ɗan akuya, tsohuwa ta ɗauko taɓarya ta far wa kwaɗon ƙofar da kanta. Ta tarar uwar ta riga ta cika, yarinyar na jan bakin zanenta. Ta goya ta a baya, ta ɗura mata kunu, aka samu ta rayu. Bayan kwana uku mutumin ya dawo yana kuka yana cewa, “Inna, ina kuke?” Ta ce, “Muna nan inda ka ajiye mu, ɗan nan, bayan katangarka.”

To ka ji. Ai tun tuni masu iya magana suka faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.