Gurbin da Na Ƙwace a Faifan Caji

Faifan cajin Baba marar igiya ya cika. Na ture na'urar ƙara jinsa, na ɗora wayata kusa da agogonsa. Tunda na'urar tana nan, ai ba ya jin komai.

Na ce wa ƙanena, "Eivind, gidan tsofaffi za mu kai shi. Na gaji da zaryar zuwa nan garin Bergen duba shi."

"A gabansa, Torunn?"

"Ko ganga ka buga, ba zai ji ba."

Baba ya zuba mana kofi yana murmushi.

Da na zo ɗaukar wayata, ya matso, ya mayar da na'urar gurbinta a hankali.

"Ta mahaifiyarku ce," in ji shi. "Tun rasuwarta ban bari cajinta ya ƙare ba. Tawa tana kunnena."