Awarwaron Ilu Mai Zuma

"Ara mini awarwaronka na wuni ɗaya, in ba ka akuya," in ji Baba Gambo.

Ilu mai zuma ya dubi ƙarfen da ke hannunsa. Tun da aka kafa doka, ba mai hawa dutse sai da shi, kuma sau ɗaya tak jirgin sama na ceto yake zuwa ɗaukar mai awarwaro a duk rayuwarsa, daga nan fitilar awarwaron sai ta mutu. Baba ya riga ya cinye nasa.

"Baba, me ka ajiye a can sama?"

"Kabarin uwata. Gwiwoyin nan ba za su kai baɗi ba."

"To, ka fita da sassafe, da ruwa gora biyu. In ka gaji, ka juyo."

"Kai Ilu, a kan dutsen nan aka yanke mini cibiya."

Gora ɗaya Baba ya ɗauka, wai nauyi. Da azahar ƙishirwa ta kayar da shi gab da kabarin, awarwaro ya yi ƙara, jirgi ya sauko da shi.

Baba dai ya ci riba, yana gida yana shan fura. Ilu ya samu akuya, amma kullum yana hawa neman zuma da awarwaron da fitilarsa ta mutu. Har yau bai gaya wa matarsa ba.