Jan Rubutu a Ƙasan Shafi

Shekara talatin da ɗaya Bu Wartini (Bu muke ce wa malama ko babbar mace a wajenmu) tana koyar da 'yan aji shida a firamaren ƙauyenmu, can saman duwatsun Wonosobo. Ka ba ta alli da allo, ka ga aiki. Amma tun da aka ce da kwamfuta za a riƙa tura bayanan yara, hankalinta bai sake kwanciya ba.

Ratih, malamar aji huɗu, tsohuwar ɗalibarta ce. Da ta ga Bu Wartini na laluben haruffa da yatsa ɗaya, sai ta janye kwamfutar.

"Kawo, Bu, kar ki wahalar da kanki."

"To ki nuna mini mana, 'yar nan."

"Wata rana, Bu. Sha shayinki kar ya huce."

A ganin Ratih ladabi ne. Aka shekara biyu a haka, ko kunna na'urar ba a koya wa baiwar Allah da kyau ba.

Sai Ratih ta tafi hutun haihuwa, daidai makon da ake nema wa yara gurbi a makarantar kwana ta kyauta. Yarinya ɗaya Bu Wartini ta ƙwallafa wa rai: Ningrum, 'yar wani manomin dankali, wadda ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba.

Bu Wartini ta zauna ta cike komai a kwamfutar. Tana gamawa wani jan rubutu ya fito a ƙasan shafin. Ta karanta sau uku, ba ta gane ba. Ga malamai matasa a ofis, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Har ta buɗe baki, sai ta tuna ranar da suka ƙunshe dariya don ta kasa kashe majigi a aji. Ta rufe kwamfutar, ta ce wa kanta ai bayanin Ningrum ya tafi.

Aka yi kwana huɗu ba ta sake buɗe shafin ba. Ranar Juma'a aka rufe karɓar suna.

Bayan wata guda baban Ningrum ya zo makaranta, hularsa a hannu, yarinyar a bayansa.

"Bu, na je gari. Sun ce ko cikin waɗanda aka ƙi ba sunanta. Wai ba a nema mata ba."

Pak Yudi, wato Malam Yudi, ɗaya daga matasan malaman, ya buɗe shafin. "Bai tafi ba, Bu. Hoton takardar haihuwarta ne ya yi girma. Gyaran minti ɗaya ne. Me ya hana ki tambaya?"

Ningrum ta ɗago kai. "Bu, ni ce ban yi ƙoƙari ba?"

Makarantar kwanan ba ta ɗaukar wanda ya gama firamare bara, don haka ba sauran dama baɗi. Yanzu Ningrum na gonar dankali.

Jama'a, tambaya ba ta zubar da girma. Ku kuma matasa, yi wa babba aiki ba tare da koya masa ba, ba ladabi ba ne, cuta ce, kuma yara take kamawa.