Kaza Sai da Murmushi

Tun da aka sa na'urar duba fuska a gidajen abincin Kano, duk wanda ya ɓata rai a layin motoci, baya ake mayar da shi.

Tun hantsi Malam Barau yake layi, har la'asar ta gota. 'Yarsa Ummita tana asibiti ba ta cin komai, sai yau ta nemi soyayyiyar kaza.

Na gabansa ya yi tsaki. Fitilar na'urar ta yi ja, motar mutumin ta juya da kanta.

"Ni dai ba za ku same ni ba," in ji Barau, yana ƙara washe baki.

Da ya kai wa Ummita kazar, ta ƙura masa ido.

"Baba, ka daina, tsoro kake ba ni."

Ya yi ƙoƙari, amma fuskar ta ƙi komawa.